Kiɗan da Matan Gidanmu Ba Sa Ji

Maƙwabciyata 'yar Habasha ce, kuma duk hantsi sai ta daka buna don haɗa kofi. Zana ce kawai tsakanin gidana da nata a nan Gadarif, don haka duk bugun 'yar taɓaryarta ta ƙarfe a kunnena yake sauka. Ita sha'aninta take yi, ba ta san cewa a bayan zanar akwai wata tsohuwa da ta ajiye tsintsiya ta tsaya ƙiƙam tana saurare ba. Nakan bi bugun ɗaya bayan ɗaya har in tabbatar ba shi ba ne, sannan in sauke numfashi in ci gaba da shara. Kai da kake karanta wannan, wataƙila idan ka ji kiɗa kafaɗarka ce take motsi. Ni kuwa hanyar gudu nake nema, kuma haka nake tun ina yarinya.

A gidanmu akwai wani kiɗa da mata ba sa ji. Kada ka sa ran zan rubuta maka shi a nan, domin ban san wace ce za ta karanta ta gwada da yatsa a kan tebur ba. Ba shi da waƙa, ba shi da suna, kuma ba ruwansa da abin da aka buga shi a kai. Ganga ce, ƙwarya ce, gwangwani ne, duk ɗaya. Jerin bugun ne da shirun da ke tsakaninsu. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Habboba kamar yadda yaran Larabawan ƙauyenmu suke kiran tasu, ta ce uwarta ce ta zo da abin daga yamma, lokacin da suka taso a ƙafa da niyyar hajji suka ƙare da noma a gefen Ƙala'at an-Nahal. Ta ce duk macen da jininmu ya taɓa, in ta girma ta ji shi, to ta tafi ke nan. Maza ba ya yi musu komai, shi ya sa ma suke da bakin yin dariya.

Ni ma da na yi dariyar, ba don na gani da idona ba.

Lokacin yankan riɗi ne. Wanda ya san ƙasarmu ya san yadda take a wannan lokaci: ruwa ya ɗauke, baƙar laka ta fara tsagewa, dawa ta fi mutum tsayi, ko'ina ma'aikatan da suka zo daga nesa suna ta sauri kada riɗin ya fashe ya zube. Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna Ƙarama, ita ce mai kai musu abinci gonar kawuna, ni kuma ina biye da ita da butar ruwa. Budurwa ce mai surutu da tsokana, mai wushirya, ba ta iya tafiya shiru. Muka isa da azahar, mutanen sun zauna hutawa a inuwar tarakta. Ɗaya daga cikinsu, wani saurayi da ban taɓa sanin daga ina yake ba, yana zaune a kan gangar mai da ba komai a ciki, yana buga gefenta da tafin hannu don nishaɗin kansa. Ba biki ake ba, ba rawa ake ba. Bawan Allah ma ko kallonmu bai yi ba.

Inna Ƙarama tana tsakiyar ba ni labarin wata maƙwabciya, sai maganar ta tsaya a bakinta. Ta sauke tiren a hankali, ta gyara shi a ƙasa kada miya ta zube, wannan har yau ina mamakinsa. Ta miƙe, ta dubi wani wuri sama da kaina, sannan ta juya ta shiga dawa. Na kira ta. Na ɗauka kama ruwa za ta yi, na tsaya ina jira. Ganyen dawar ya yi ta motsi yana nisa, yana nisa, har ya daina. Saurayin nan kuwa bai fasa bugunsa ba, kuma ni ina tsaye da buta a hannu bugun yana shiga kunnena yana zama.

Sai bayan kwanaki aka same ta a bakin wani tafki, nesa da gonar, ƙafafunta duk sun tsattsage. Da rai aka dawo da ita, amma wadda ta shiga dawar ba ita ce ta fito ba. Kawuna ya kai ta asibiti a Gadarif, likita ya faɗi sunan wata cuta ya ba da magani. Malamai suka yi rubutu, aka yi sauka, aka yi sadaka. Tana ci in an ba ta, tana kwanciya in an kwantar da ita, amma ba ta ƙara cewa uffan ba har ta koma ga Mahaliccinta. Wuni take a rumfa a kan gadon igiya, yatsunta suna motsi a gwiwarta. Duk lokacin da Habboba ta hango yatsun nan sai ta bar abin da take yi ta zo ta riƙe hannun gam, ta ce mana mu fita waje.

Ranar da aka dawo da ita Habboba ta ja ni bayan ɗaki, ta tambaye ni ko na ji abin da saurayin ya buga. Na ce na ji. Ta tambaya ko na riƙe. Na ce na riƙe, na ɗaga hannu zan nuna mata a cinyata, sai ta cafke hannun da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce yanzu ni yarinya ce, ba ya kama yara, amma ranar tana zuwa. Ta ce Allah ne ya so ni da rahama da na ji shi tun yanzu, don in san shi in guje shi. In ajiye shi a ciki, kada in buga, kada in raira, kada in taka shi da ƙafa.

Na ce, “Habboba, in wani ya yi kama da shi fa, amma ba shi ba ne?”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, “Mai kama ma ki gudu.”

Allah ya jiƙan tsohuwar nan, amma da wannan magana ta gama da yarintata. Me ne ne bai yi kama da shi ba a duniya? Da damina ruwa yakan ɗiga daga jinkar ɗakinmu cikin wani tsohon kwano, ni kuma in zauna in ƙura wa kwanon ido ina auna ɗigon da abin da ke cikina: nan sun yi daidai, nan sun rabu, nan kuma sun kusa. In sun kusa sai in tashi in zuba tsumma a kwanon. Injin niƙa da ke bakin kasuwa shi ne babban abokin gabana. Yana da wani tari da yake yi, ya buga ya buga ya ɗan ja numfashi, wanda na rantse rabin kiɗan nan ne. In an aike ni niƙa sai in ba wata ƙawata rabin gyaɗata ta shiga min, ni ina can nesa da yatsu a kunne. Mahaifiyata ta sha zane ni a kan wannan, tana cewa lalaci ne, duk da ita ma na sha ganinta tana canja hanya in ana buki.

'Yan mata sa'o'ina suna lugude a tsakar gida, suna cilla taɓarya sama suna tafi, ni ina tankaɗe a gefe kamar baƙuwa. Jirgin ƙasa na farko da na shiga, kowa yana leƙen taga, ni ina lissafin ƙarar ƙafafunsa har muka sauka da ciwon kai. A bikina ma, da mata suka ɗauko dalluka, gangar da ake yi wa amarya rawa, sai da Habboba ta zauna kusa da mai bugun ta sa mata ido daga farko har ƙarshe. Mutane suka ce amarya mai kunya ce. Ba kunya ba ce, tsoro ne, wanda ke sa tafin ƙafa ya yi sanyi.

Wuri ɗaya kawai nake samun sauƙi, shi ne jikin Habboba. In tsoron ya yi min yawa sai in je in kifa kai a cinyarta, tana ƙamshin sandal da hayaƙin girki, ta riƙa bubbuga bayana da tafinta mai kaushi. Bugun nata yana da tsari, kullum iri ɗaya, kuma shi ne abu ɗaya tak a duniya da ban taɓa aunawa ba. Wa zai auna hannun kakarsa? Da shi ta yi renon mahaifiyata, da shi ta yi nawa, ni ma da na haihu hannuna ya yi shi da kansa ba tare da na koya ba.

Allah ya ba ni 'ya'ya maza zalla. Dangi suna yi min jajen rashin mace mai taya aiki, ni ina godiya a ɓoye. Na ce abin ya ƙare a kaina, in na mutu a binne mu tare. Habboba ta rasu, Inna Ƙarama ta bi ta, muka dawo gari, na tsufa ina auna taɓaryar maƙwabta. Ban taɓa sake jin kiɗan cikakke ba, kuma na fara tunanin na tsira.

Sai yaƙi ya koro mutane daga Khartum. Cikin waɗanda suka cika mana gari har da autana, da matarsa, da jaririyar da suka haifa ana cikin gudu. Da aka ɗora min ita a hannu na ga mace ce, na yi murna kamar kowace kaka, amma a ƙarƙashin murnar tsohon sanyin nan ya dawo ƙafata. Yarinyar mai rigima ce, tafiya ta wahalar da ita, ba ta barci a hannun kowa. Ni kuwa da na ɗora ta a kafaɗa na bubbuga bayanta sai ta yi laƙwas. Barcin rana ya zama aikina.

Autan nawa ilimin kwamfuta ya karanta, kuma da jami'arsu ta tsaya sai ya ci gaba da bincikensa a rumfata, duk lokacin da aka kawo wuta. Da na tambaye shi me yake bincike, ya ce yana koya wa na'ura ta gane kiɗan da ya yi kama da wani. Na ji kamar an watsa min ruwa. Duk sana'ar duniya, sai wannan ce ɗan nawa ya zaɓa. Yana yawo da waya yana naɗar sauti: dalluka a gidan biki, turmin maƙwabciyata, tafin 'yan Habasha da suka zo daga sansanin gudun hijira na Umm Rakuba neman aiki, har injin niƙa na unguwa. Na hana shi kunna su a gidana, ya sa abin kunne ya ce to. Ya san labarin Inna Ƙarama, amma a wurinsa ciwo ne mai suna a littafin likita.

Wata rana da la'asar ina tsince wake a tire ya zo ya zauna, ya ce bari ya nuna min aikinsa ba tare da an ji ko ƙara ɗaya ba. Ya ɗebi farin wake da ƙwayoyin buna ya jera su a zagaye kamar carbi. Ya ce buna bugu ne, wake shiru ne, kowane kiɗa da ke maimaita kansa ana iya shimfiɗa shi haka. Ya jera wani zagayen a gefe, ya ce in ana son sanin kusancinsu sai a ƙirga ƙwaya nawa za a matsar kafin wannan ya koma wancan. In kaɗan ne, 'yan'uwa ne. In da yawa ne, ba su haɗa komai ba. Na'urar ba abin da take yi illa wannan ƙirgen, sai dai ita ba ta gajiya.

Na daɗe ina kallon tiren. Abin da na kwashe rayuwata ina yi da faɗuwar gaba, ga shi an mai da shi wake. Kuma a karon farko na ga hanyar da zan fitar da kiɗan nan daga cikina ba tare da ya yi sauti ba. Na yi tunanin jikata. Ni ba zan dawwama ba, kuma ba zan iya buga mata shi don ta san abin gudu ba. In na'urar nan za ta iya cewa wannan na kusa ne, wancan na nesa, to yarinyar ba za ta girma tana gudun kwano da jirgi kamar ni ba.

Na sa shi ya rantse ba zai taɓa bari na'urar ta buga shi ba. Sannan na share tiren, na yi bismillah, na fara jerawa. Leɓena a cije don kada harshe ya bi. Da na gama ya kwafa, ya shigar, ya ce za ta jero duk abin da ya naɗa, daga mafi kusa zuwa mafi nisa.

Ya fara karanto min daga ƙasa, yana murmushi. Injin niƙa yana can nesa, ba su ko haɗa hanya ba. Na ce kai, duk gyaɗar da na yi asara. Turmin maƙwabciyata ma nesa. Dalluka tana tsakiya. Na ji wani nauyi yana sauka daga kafaɗata, har na fara dariya. Sai na ga murmushin ya ɗauke, yana kallon saman jerin yana sake dannawa.

Na ce ya faɗa min. Ya ce akwai guda ɗaya da ba sai an matsar da ko ƙwaya ba. Na ce a ina ya naɗo shi, a wane gida, don in san hanyar da jikata ba za ta bi ba.

Ya kira ni yadda yaran ƙasar nan suke kiran uwa, ya ce, “Yumma, a nan ne. Ke ce, kina bubbuga bayan yarinya.”

Ashe ya naɗe ni wata rana ban sani ba, don abin ya ba shi sha'awa. Na ce ƙarya na'urarsa take yi, na san bugun Habboba kuma na san wancan, ko a mafarki ba su haɗu ba. Bai yi gardama ba. Ya jera bugun renon a tire kusa da wanda na jera, kuma lallai da ido ba iri ɗaya ba ne. Sai ya sa yatsa a tsakiyar nawa, ya ce in fara karantawa daga nan maimakon daga inda na saba, in zagaya. Na bi ƙwayoyin da ido. Ban kai ƙarshe ba na ture tiren, wake ya watse a tsakar gida.

Kiɗa ɗaya ne. Habboba daga tsakiyarsa take farawa, shi ke nan bambancin. Abin da na gudu daga gare shi tun ina yarinya, a bayana aka buga shi, kuma ni da hannuna nake buga shi a bayan jikata kullum da rana.

Da ya ga yadda na koma, sai ya shiga lallashi. Ya ce shi ne ya umarci na'urar ta riƙa juya zagayen, domin mai naɗar sauti ba lallai ya kama daga farko ba. In ya hana ta juyawa za ta ce su biyun ba su da kusanci. Ya ce kunnen mutum yana kula da mafari, shi ya sa ban taɓa ji ba. Na tambaye shi abin da ya ɗauki Inna Ƙarama, shi yana kula da mafari ko ba ya kula? Ya sunkuyar da kai ya ce wannan ba ya cikin abin da na'ura take aunawa. Na gode masa da bai yi min ƙarya ba.

Na daina taɓa yarinyar. Uwarta ta gwada jijjiga, ta gwada goyo, ta gwada waƙa, yarinya ta ƙi. Rana tana tsakiya, zafi kamar ya narka kwanon rufi, tana tsala kuka har muryarta ta dushe, tana miƙo min hannu, ni ina zaune a kan hannayena. Abin da ya fi tsorata ni shi ne mai reno ba ya bugu sau ɗaya ya tsaya. Zagayawa yake yi, ƙarshe yana haɗuwa da farko, kuma in an daɗe ana zagaye ba wanda zai ce ga mafari. Yarinya ce yanzu, ba ya kama yara. Amma ni fa, da na yi shekaru ina yi? Me ya hana shi kama ni, ya kama mahaifiyata, ya kama Habboba?

Ina cikin wannan tunani sai bayana ya tuna abin da kaina ya manta. Habboba ba ta haɗa zagaye da zagaye. Duk in ta kai ƙarshe sai ta shafa tafinta daga wuya zuwa ƙugu, a hankali, sannan ta sake farawa daga wurinta. Na kira autana na tambaye shi ko a abin da ya naɗa akwai wani abu tsakanin bugun. Ya duba, ya ce akwai wata 'yar shuu da take dawowa kowane zagaye, ya ɗauka iska ce ko ƙarar mayafi, ya share ta kafin ya ba na'urar. Ashe hannuna yana yin shafar duk shekarun nan ban sani ba.

To ta sani ke nan? Na kwana da wannan tambaya na tashi da ita. Wataƙila ta sani, tana ba mu shi a karye, kaɗan kaɗan, yadda ake yi wa yara rigakafi. Wataƙila kuma ita ma haka ta tarar a hannun uwarta, ba ta taɓa aunawa ba. In rigakafi ne, to Inna Ƙarama ma a wannan cinya ta girma, kuma bai hana ta shiga dawa ba. Waɗanda za su amsa min duk suna kwance a maƙabartar ƙauye, kuma ɗana ya ce na'urarsa ta faɗi iya abin da ta sani.

A da tsorona yana waje, a kasuwa da gidan biki da bayan zana, inda mutum zai iya toshe kunne ya canja hanya. Zamani ya zo da abin da ya wanke injin niƙa da turmin baiwar Allah, ya nuna min tafin hannuna. Ban san ko in gode masa ba.

Yarinyar dai ba ta barci sai da shi, kuma na kasa jure kukanta. Jiya da rana na ɗauke ta, na kira uwarta na ce ta zauna ta kalli hannuna da kyau, domin wata rana ba na nan. Na nuna mata inda ake farawa. Na ce in ta manta komai, kada ta manta shafar. Ta ce to, Yumma, da irin muryar da ake amsa wa tsofaffi.

Sannan na fara. Kan yarinyar ya yi nauyi a kafaɗata, numfashinta ya daidaita, iska mai ɗumi tana shigowa rumfar, idona yana son rufewa. Na buɗe shi da ƙarfi. Ina bugawa, ina shafawa, ina bugawa, ina shafawa, kuma ba na yarda in yi gyangyaɗi sai na sauke hannuna.